Kamfas ɗin Yaƙin Bama da Ke Cikin Adaka: Gane Fentin Radiyam, Adana Shi da Aiki da Shi

Zariya gari ne da tsofaffin kayan aiki suka taru a cikinsa fiye da yadda ake zato. Tun 1924 Daffo ke horas da kuratan soja a nan, kuma sunan barikin Chindit kansa daga yaƙin Bama ya samo asali, inda 'yan Najeriya suka fafata a ƙarƙashin tutar Ingila. Ga reluwe, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga safiyo da malaman daji da suka ajiye aiki suka koma gida da komatsansu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a buɗe adakar wani dattijo ranar rabon gado a tarar da kamfas na tagulla cikin kubensa na fata, kusa da lambobin yabo da takardar sallama. Wasu kuma a shimfiɗar 'yan gwanjo ake cin karo da su, ko a buhun 'yan jari-bola.

Da yawa daga kamfas ɗin soja, agogon hannu, agogon tebur mai ƙararrawa da agogunan gaban jirgin sama da aka ƙera daga wajajen Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa shekarun 1960, an shafa musu fenti mai haske da dare, wanda radiyam, wani sinadari mai fitar da radiyeshin, ke cikinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shiga ɗaki mai duhu da abin, ya ga ba ya haske, ya ce ai ƙarfinsa ya ƙare. Bai ƙare ba. Fentin haɗin abu biyu ne: ɗan mitsitsin gishirin radiyam, da garin wani sinadari na tutiya da farar wuta. Radiyam ke harbin garin, garin ke ba da koren haske. Harbin nan na shekara da shekaru shi ke lalata garin har hasken ya mutu, amma radiyam-226 sai ya yi kusan shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Kamfas ɗin da aka ƙera a 1943 bai yi asarar ko kashi 4 cikin 100 na radiyam ɗinsa ba. Abin da ya canja kawai shi ne fentin ya bushe, ya tsattsage, ya fara zama gari, kuma a wannan hali ya fi hatsari a kan lokacin da yake sabo.

Ina hatsarin yake

Abu uku ke fita daga fentin, kuma ba daidai suke ba. Na farko shi ne radiyeshin da ke ratsa gilashi da tagulla ya fito waje, wanda ake kira gama. Wannan shi ke sa na'urar awo ta yi ta ƙara, shi ke kuma firgita mutane, alhali shi ya fi sauƙin magani, don nisa ke kashe shi. In ka ninka tazara sau biyu, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ninka sau goma, ya koma ɗaya cikin ɗari.

Na biyu iskar radon-222 ce. Radiyam na haifar da ita dare da rana, ba ta da wari ba ta da launi, tana zirarowa ta kowace kafa. Rabinta na ƙarewa cikin kwana 3.8, amma tunda kullum ana haifar sabuwa, takan taru a rufaffen wuri. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Northampton da Kingston a Ingila sun auna wani ƙaramin ɗaki maras shigar iska da aka tara agogunan radiyam 30 a ciki, suka sami radon ya haura matakin da ake so a can ninki fiye da ɗari. Kamfas ɗaya ba agogo 30 ba ne, amma fentin da ke jikin kamfas ɗin soja yakan fi na agogon hannu kauri nesa ba kusa ba.

Na uku, wanda shi ne uwa uba, ƙurar fentin ce. Radiyeshin alfa da radiyam ke fitarwa ko takarda ba ya iya hudawa, fatar hannu ma ta tare shi. Amma in ƙurar ta shiga huhu, ko ciki, ko rauni, babu sauran shamaki tsakaninsa da naman jiki. Jiki yana ɗaukar radiyam tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya kai shi ƙashi ya ajiye. Daga abin da aka haɗiye, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke shiga jini, sauran ya fita da bayan gida. An san wannan ne daga 'yan matan da suka yi aikin fentin agogo a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka tun daga 1917. An koya musu su riƙa tsine bakin buroshi da leɓɓansu don rubutu ya fita siriri. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zubewa, muƙamuƙi ya riƙa ruɓewa, wasu suka kamu da sankarar ƙashi. Ƙarar da biyar daga cikinsu suka shigar an sasanta ta a 1928. Su kullum suke haɗiya, ɗaruruwan lasa a yini, don haka kada wanda ya taɓa kamfas sau ɗaya ya hana kansa barci. Darasin dai shi ne ta baki da hanci abin ke kisa.

Yadda za ka gane shi ba tare da ka buɗe komai ba

Shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur a waje, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. Sa safar hannu ta roba irin ta asibiti. Kada ka ci goro, kada ka sha shayi ko sigari a wurin, yara kuma su yi nisa.

Wanda aka fi samu a ƙasar nan shi ne na sojan Ingila. Samfurin Yaƙin Duniya na Biyu, Mk III, na tagulla ne da aka shafa wa baƙin fenti, yana da nauyi a hannu, da zobe na sa babban yatsa, da murfi mai tagar gilashi wadda aka ja wa siririn layi a tsakiya, da wani ɗan gilashi mai kusurwa uku a gefen zoben wanda ake kifawa a kan fuskar kamfas ɗin. Faifan da ke juyawa a ciki yana ƙyalli kamar cikin ƙumbar kogi, yana iyo cikin ruwa. Juya bayansa: za ka ga shekarar ƙira, da sunan kamfani, sau da yawa T.G. Co. Ltd, da wata alama kamar sawun kaza mai yatsu uku, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya, samfurin Verner, babu ruwa a cikinsa, kuma wannan ya sa garin fentinsa ya fi saurin yawo.

Dubi fentin ta cikin gilashi. Wuraren da ake shafa shi su ne kibiyar arewa a kan faifai, layin da ke kan gilashin da ake murɗawa, da ɗigo biyu a cikin murfi, sama da ƙasan layin saiti. Lura da kyau: waɗannan na cikin murfi galibi ba su da wata kariya mai ƙarfi, da ka ɗaga murfin ga su nan kusa da yatsa. Tsohon fentin radiyam ba kore ba ne. Launinsa kan koma ruwan ƙasa-ƙasa, kamar garin citta, da kumburi da tsaga. A agogo wani lokaci za ka ga inuwar hannun agogon ta ƙone a kan fuska ko gilashi, inda ya tsaya shekaru bai motsa ba.

Shekara da rubutu suna taimakawa. Kayan soja na kafin 1960 mai fentin haske, ɗauke shi a matsayin radiyam har sai awo ya ƙaryata. Agogon da aka rubuta wa T SWISS T ko T<25 a ƙasan fuska, ko kamfas mai alamar H3, tiritiyam ne a jikinsa maimakon radiyam, wanda rabinsa ke ƙarewa a shekara 12.3 kuma radiyeshinsa ba ya ratsa gilashi. Alamar Pm ta furometiyam-147 ce, mai shekara 2.6, wanda zuwa yanzu ya gama mutuwa. Kamfas ɗin Francis Barker M-73 da ya zo daga baya, 'yan ƙananan bututun gilashi masu tiritiyam aka sa masa maimakon fenti. Sai dai a yi hattara da tsohon Mk III da aka yi wa gyara aka sauya masa bututu, don ba kullum ake kankare tsohon fentin tas ba.

Tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana ba da alama: in ka haska tsohon fenti zai yi kore na ɗan lokaci, da ka ɗauke ya mutu cikin daƙiƙoƙi. Alama ce kawai, ba hujja ba, don tsohon fentin tiritiyam ma haka yake yi. Manhajojin waya da ke da'awar auna radiyeshin kuwa, kada ka dogara da su.

Hujja ita ce na'urar Geiger, mai auna radiyeshin. Sa ta cikin leda mai tsabta don kada ita ma ta gurɓata. Fara auna wurin kansa, nesa da kamfas ɗin, na minti biyu, ka rubuta. A yawancin wurare za ka ga tsakanin 0.1 da 0.2 na maikirosibat (ma'aunin radiyeshin da jiki ke samu) a awa. Sai ka auna daga tazarar mita ɗaya, sannan santimita 30, sannan 5. Tiritiyam ba zai motsa lambar ba, ko ya motsa ta kaɗan. Radiyam kuwa zai ɗaga ta ninki goma, hamsin, ko fiye da haka a kusa, ƙarar ta koma kamar ana suyar gyaɗa. Lambar ƙananan na'urorin kasuwa ƙiyasi ce, don da wani sinadarin daban aka saita su, amma ta isa ta raba radiyam da wanda ba shi ba. Don kwatance, iyakar da aka gindaya wa wanda ba ma'aikacin nukiliya ba ita ce ƙarin milisibat 1 a shekara, wato maikirosibat 1,000, a kan kusan 2.4 da kowa ke samu daga ƙasa da sama da abinci. Kamfas a kan kanta a can gefe ba zai kai ka kusa da wannan ba. Kamfas a aljihun gaba kullum, ko a ƙarƙashin matashi, wani zance ne daban.

Akwai gwaji na biyu da ya fi na farko muhimmanci, na gano ko yana zubarwa. Jiƙa 'yar takardar goge hannu kaɗan, shafa bayan kamfas ɗin da gefunansa da cikin kubensa, ban da kan fentin. Ɗauke takardar ka tafi da ita aƙalla mita uku daga kamfas ɗin, bar ta ta bushe, ka auna. In ta fi awon wurin, sake aunawa bayan awa huɗu. In lambar ta faɗi, 'ya'yan radon ne masu gajeren rai suka manne a jiki. In tana nan daram, garin fentin ne ya fito, kuma daga nan abin ya wuce aikin gida. Ƙaramar na'ura na iya kasa ganin ɗan kaɗan, saboda haka shirunta ba wanke kai ba ne ga kamfas mai fasasshen gilashi.

A nan mutumin Zariya ya fi na sauran garuruwa sa'a. Cibiyar binciken makamashi da horaswa ta Jami'ar Ahmadu Bello, CERT, tana Samaru. A can tukunyar binciken nukiliya ta Najeriya take, wadda ta fara aiki a 2004, kuma suna da masana kare lafiya daga radiyeshin da na'urori masu inganci. Hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan irin waɗannan kaya a faɗin ƙasa ita ce NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Fara tuntuɓa da hoto da bayani kafin ka ɗauki abin ka tafi da shi, su faɗa maka yadda za a kawo.

Abin da ba a yi

Ba a buɗewa. Ba a kwance sukurori, ba a cire gilashi, ba a kankare fenti, ba a sake fenti. Tagullar da ta yi duhu tana jan hankali a goge ta da toka da lemun tsami ko man goge ƙarfe har ta yi sheƙi. Garin neman gira a rasa ido. Guga na girgiza busasshen fenti, tsumman kuma ya kwashe garin ya kai shi wani wuri. In dole sai an share, a shafa waje kawai da takarda mai ɗan danshi, sau ɗaya, a jefa ta leda.

Kumfar iska a cikin ruwan kamfas ita ce ta fi kai mutane ga buɗewa. Ƙaramar kumfa kan bayyana da hunturu saboda ruwan ya tsuke, ta ɓace da bazara, kuma ba ta ɓata awo in ba ta tokare faifai ba. Babba kuwa alamar yoyo ce. Ruwan nan ya yi shekara tamanin yana wanke fentin radiyam, don haka shi kansa gurɓatacce ne. Kamfas mai danshi a gindi ko kube mai tabon mai, a leda yake zama, ba a cika shi da kananzir a gida ba. Saboda wannan dalili ma ba a barin sa a rana ko a gaban mota, zafi na kumbura ruwan ya fasa mahaɗa.

Masu gyaran agogo su suka fi kowa shiga hatsari, saboda al'adar sana'ar. Dubi yadda ake yi a teburin bakin kasuwa: a ɓalle baya, a zaro injin da fuskarsa, a kawo kusa da ido, a hure ƙura da baki, a riƙe ɗan sukuru a leɓe, a share fuskar da yatsa, sannan a ɓantari goro da yatsan nan. Kowane mataki a nan hanya ce ta shigar radiyam jiki. Wanda zai kai tsohon agogon gado gyara, haƙƙi ne a kansa ya ce, "Malam, wannan lambobinsa irin tsohon fentin nan ne mai guba, kada ka hura, kada ka taɓa fuskar." Mai gyara kuma in ya ga agogon kafin 1960 mai lambobi ruwan ƙasa da ke marmashewa, ya fi masa alheri ya mayar da shi yadda aka kawo.

Kada kuma a narka dalmar tsohon batirin mota wai za a yi masa akwati. Sai an sami kaurin dalma fiye da santimita ɗaya kafin a rage radiyeshin radiyam da rabi, alhali matsar da shi mita ɗaya ya fi haka aiki, kyauta. Hayaƙin narka dalma kuwa guba ce tabbatacciya. Abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai yi nisan da za a manta ba.

Adanawa

Rufe murfin kamfas ɗin a hankali. Sa shi cikin leda mai zif, sa ledar cikin wata. Ledar don tare gari ce, radon yana ratsa ta. Don tare iskar, sa duka cikin kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi mai roba, a cusa takarda a gefe don kada ya yi ta karo. Rubuta a jiki da Hausa da Turanci, da babban baƙi: akwai radiyam, kada a buɗe, da kwanan wata. Rubutun nan saboda magada ne, waɗanda za su zo su tarar da shi ba ka nan.

Wurin ajiya shi ne sito ko wani ɗaki na waje mai taga, da ake kullewa, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, aƙalla mita biyu daga inda ake kwana ko ake daɗewa a zaune. Ban da ɗakin barci, ban da madafa, ban da rumbu, ban da cikin sif tare da tufafi, ban da ɗakin mai juna biyu. Da hunturu ne aka fi toshe tagogi, wato lokacin da radon ya fi samun wurin taruwa.

Cikin wata guda radon ɗin cikin kwalba zai kai iyakarsa ya tsaya. Saboda haka duk ranar da za a buɗe, a waje ake buɗewa, hannu a miƙe, fuska a kawar, iska na bugowa daga bayanka. Bar shi minti goma sha biyar ya sha iska. Cikin kwalbar da ledojin sun zama gurɓatattu, ba za su sake komawa madafa ba har abada. Kuben fata ma haka: a ajiye shi tare da kamfas ɗin, kada ya zama jakar kuɗi ko gidan laya.

In ya faɗi ya fashe a ɗaki, fitar da kowa, kashe fanka, kada a taka wurin. Tsintsiya haram ce a nan, don ita za ta tayar da garin sama. Sa safar hannu da takunkumi mai matse fuska irin N95. Ɗauki manyan ɓaraguzai da kwali biyu, ƙananan kuma a danna musu salatif mai faɗi a ɗaga. Sannan a goge da jiƙaƙƙiyar takarda daga gefe zuwa tsakiya, kowace takarda shafa ɗaya. Tabarma ko darduma in ya zuba a kai, a naɗe ta ciki a sa leda, kada a kakkaɓe. Daɓen ƙasa kuwa, a yayyafa ruwa kaɗan a kankare saman da cokalin magini a haɗa da sharar. Komai a leda biyu, a ɗaure, a rubuta. Cire safar hannu ta hanyar juyo cikinta waje, wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Wanda gilashin ya yanka ya wanke raunin da ruwa mai gudu na mintuna, ya je asibiti ya faɗa wa likita ainihin abin da ya yanke shi. Ɗakin kuma a nemi masana su auna shi kafin yara su koma rarrafe a ciki.

Wanda ba ya son riƙe shi, kada ya jefa a masai, ko rijiya, ko kududdufi, ko bola, kada ya ƙona, kada kuma ya sayar wa mai awon tagulla. Guduma ce za ta fara karɓarsa a can, sannan wuta, kuma yaran da ke wannan aiki da hannu tsirara suke yi. Hanyar ita ce a miƙa shi ga CERT ko NNRA su faɗi yadda za a yi.

Aiki da shi, in lafiyarsa ƙalau

Ra'ayinmu a fili yake: mai buƙatar kamfas kullum, ɗalibin safiyo ne ko mai auna gona, ya sayi sabo irin Silva ko Suunto, ya bar na kaka ya huta. Amma Mk III mai lafiyayyen gilashi, wanda gwajin shafa bai nuna komai ba, ana iya fito da shi jefi-jefi a yi awo na 'yan mintuna, kuma ingancinsa har gobe abin yabo ne, yana karanta rabin digiri.

Fara da gwada ƙafar faifan. Ajiye shi a kan turmi da aka kife ko kujerar katako maras ƙusa da yawa, bar shi ya tsaya, karanta lamba. Kawo makulli kusa har faifan ya karkata, janye, jira. Yi haka sau uku, ta dama da ta hagu. In yana komawa lamba ɗaya, lafiya. In yana tsayawa da bambancin digiri biyu ko uku, tsinin da yake juyawa a kai ya dakushe, kuma tunda gyaransa sai an buɗe, ya zama na ajiya ke nan. Wani abin kuma: an daidaita nauyin faifan ne don Ingila, inda maganaɗisun ƙasa ke jan kan arewa ƙasa sosai. Zariya na kusa da layin da jan yake kwance, don haka faifan kan ɗan jirkice. In yana gogar gilashi, karkata hannunka kaɗan har ya saki.

Nisanci ƙarfe. Ƙa'idar sojan Amurka ta ce mita 55 daga manyan wayoyin lantarki, mita 18 daga babbar mota, mita 10 daga wayar tarho ko shingen waya. Waya da makullai a ba wani ya riƙe. Cikin gini mai rodi da rufin kwano, awo ba abin yarda ba ne.

Ɗaga murfi ya miƙe tsaye, ka kama shi ta gefe ba ta kan ɗigon fenti ba. Kifa ɗan gilashin mai kusurwa uku a kan fuska. Zura babban yatsa cikin zobe, manuni ya tallafi gindi, ɗaya hannun ya dafa. Kawo shi ido, leƙa ta tsagar, ja gilashin sama ko ƙasa har lambobi su fito tar. Daidaita layin murfi da abin da kake saiti, hasumiya ce ko kan dutsen Kufena, jira faifai ya natsu, karanta inda layin ya yanka. Ta cikin gilashin lambobi daga dama suke ƙaruwa zuwa hagu. Sabon hannu yakan karanta 63 inda ya kamata ya ce 57. Sauke shi daga ido da ka karanta, ba a tsayawa ana kallo. Don tabbatarwa, je wurin da ka saita ka auno inda ka baro: bambancin ya zama 180 cif. Kuskuren digiri ɗaya yana kawar da mutum kusan mita 17 a kowace kilomita.

Abin da aka fi nema da kamfas a garin nan shi ne alƙibla. Daga Zariya tana kan digiri 67 daga arewa ta gaskiya, wato gabas ce da ta karkata arewa da digiri 23, ba gabas sak ba. Bambancin arewar maganaɗisu da ta gaskiya a nan a 'yan shekarun nan bai wuce digiri ɗaya ba, don haka ana iya bin 67 kai tsaye. Kada a ɗauki gyaran da aka buga a gefen tsohuwar taswirar zamanin Turawa, wancan digiri da yawa ne zuwa yamma kuma ya daɗe da sauyawa. In kamfas ɗin mai lambobi har 64 ne, awon soja ne da ke raba da'ira gida 6,400 maimakon digiri 360, alƙibla tana wajen 1,200, wato lamba 12. A fili ake yin awon, kafin a kafa rodi: a kafa turaku biyu, a ja igiya, a sake aunawa daga wuri na biyu a ga ko sun dace. Da an gama a mayar da shi leda da kwalba, a wanke hannu da sabulu kafin a yi alwala ko a ci abinci.

Sauran abin da ke cikin adakar

Agogunan gaban tsohon jirgin sama sun fi kamfas yawan fenti, kuma wasu maɓallan rediyon soja an ɗiga musu shi a waje, babu gilashi. Hukuncinsu ɗaya da na sama, da ƙarin tsanani. Tsohuwar ragar fitilar famfo irin Tilley na iya ƙunsar toriyam, wanda shi ma ke fitar da radiyeshin, tokarta ba a hurawa, a kwashe da jiƙaƙƙiyar takarda. Wasu tsofaffin gilasan kyamara da suka yi rawaya, kamar Super-Takumar 50mm f/1.4, toriyam ne a cikin gilashin kansa. Ɗaukar hoto da su ba laifi, niƙawa ko leƙawa ta cikinsu na tsawon lokaci ne ba a yi. Ma'aunin zafi da tsohon ma'aunin hawan jini zaiba ce a ciki: in ta zube a tara ta da kwali a zuba a kwalba mai murfi, a buɗe tagogi, a cire zoben zinariya kafin a fara don tana cin sa. Tsohuwar rediyo mai kwalabe kuwa kada a jona ta da wuta don a ji ko tana yi. Robar wayoyinta ta riga ta ƙeƙashe, wasu samfuran jikin ƙarfensu na ciki a haɗe yake da layin wuta kai tsaye, kuma ma'ajiyar cajinta na iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare fulogi. Mai gyaran da ya san irinta ya fara dubawa, ya sauke cajin, ya sauya wayar, sannan a kunna.